Yatsun Adda da Allurar Sakkwato

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Zurmi ba a wasa da wannan. Mahaifiyata Bafillatana ce ta wajen Moriki. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, ita na tashi ina kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", da na samu aikin koyarwa a wata sakandare a Kaura Namoda sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "na Kaura". Ba ta cin abinci a gabana. In na je gaishe ta nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gai da labule, ita kuma ta amsa wa bango. Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Duk ranar da zan koma Kaura sai na tarar da kwalbar man shanu a cikin jakata, kuma ba a taɓa kama wanda ya sa ta ba.

A shekarar da aka fara Shari'a a jiharmu wani kumburi ya fito mata a wuya, wani a hammata. Ta daɗe tana rufe shi da mayafi kafin ƙanwata, wadda ke aure a Shinkafi, ta gano. Aka kai ta asibiti a Kaura, daga can aka ce Gusau, daga Gusau aka ce Sakkwato. Mun yi ta murnar an ba mu jiha tamu, mun huta da zaryar Sakkwato, ashe ciwo bai san an raba jiha ba. A can aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne na kaluluwa, kuma sai ta riƙa zuwa ana yi mata allura duk bayan 'yan makonni.

Sai maganar wanda zai riƙa kai ta. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Ƙanena ya yi kudu da shanu. Ƙanwata, wadda ita kaɗai Adda ke sakin baki da ita, cikinta ya tsufa, ba ta iya doguwar tafiya. Aka duba aka duba, ba wanda ya rage sai ni, ni ne kuma mai jin Turanci. Da kawuna ya gaya wa Adda, sai ta ce ita ta ji sauƙi, a bar tafiyar. Sai da ya yi mata faɗa sosai sannan ta ɗauki mayafinta.

Nakan je Zurmi in ɗauko ta, mu biyo ta Kaura, mu yada zango a Shinkafi gidan ƙanwata, washegari mu bi ta Isa mu faɗa Sakkwato. Lokacin an fara raba zama a motocin haya, mata a baya, maza a gaba. Mutane na ta surutu a kai, wasu na yabo, wasu na ƙorafi. Ni da Adda kam abin ya yi mana daidai, da ma haka muke tun kafin gwamnati ta yi tunaninsa. Nakan zauna kusa da direba in kafa wa hanya ido har mu isa, ban waiwaya ba, ba ta yi tari ba.

Likitan da ke duba ta ɗan kudu ne, dogo, mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. Da ya ji ilimin halittu nake koyarwa sai ya gyara zama, ya samu abokin hira. Magungunan da ake yi mata kala-kala ne, amma akwai guda da ya fi tsayawa a kansa, wata 'yar allura mai kama da ruwa zalla, sunanta binkiristin. Ya ce daga wani fure ake samo ta, irin wanda ake shukawa a gaban ofisoshi don ado, akuya ma ba ta kula shi.

Ya tambaye ni ko ina koyar da yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu. Na ce duk shekara sai na zana shi a allo: ƙwayar ta jera kayan gadonta a tsakiya, wasu siraran zaruruwa su miƙo daga gefe biyu su kama, kowane ɓangare ya ja rabonsa. Ya ce to zaruruwan nan da nake zanawa da layi ɗaya na alli, a zahiri bututu ne, kuma ba a ƙera su gaba ɗaya ba. Da wasu ƙananan guntaye ake gina su, sunansu tubulin, suna tafe bibbiyu, wannan ya hau kan wancan har bututu ya yi tsawo. Ba sa zama wuri ɗaya. Yanzu ana ɗora guntaye a baki bututun ya ƙaru, an jima su zube ya ragu, kuma da wannan ƙaruwa da raguwa ne yake lalubo abin da zai kama ya ja. Allurar tana zuwa ta maƙale a jikin guntayen, sai gini ya tsaya. Ƙwayar ta ɗauko rabuwa, ta kasa ƙarasawa, ta kasa komawa, sai ta mutu a nan. Ƙwayoyin ciwon daji kuwa ba su da aiki sai rabuwa, shi ya sa su ne suka fi shan kashi.

Ya ce akwai wani maganin ma, na ɓawon wani itace, mai tsadar da ba mu kai ba, shi kuma akasin haka yake yi. Yana shiga ta cikin bututun ya ɗaure guntayen tamau, ya hana su zubewa. Ɗaya ya hana gini, ɗaya ya hana rushewa, ƙarshen dai ɗaya ne. Daga baya, shekaru da yawa, na karanta cewa ita allurar Adda a daidai mahaɗar guntu da guntu take kutsawa ta zauna, sai layin da ya kamata ya tafi a miƙe ya lanƙwashe. A ranar dai daɗi ya kama ni, har na manta abin da ya kawo ni. Ina ta jefa masa tambayoyi ina gyaɗa kai, Adda tana gefe a kan benci ta juya mana baya.

Sai ya daina murmushi. Ya ce bututun nan ba a ƙwayoyin ciwo kaɗai suke ba. Suna cikin jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi, a can kuma ba rabuwa suke yi ba, hanya ce da ake bi a kai wa jijiya abincinta tun daga gadon baya har bakin yatsa. Ya ce in hanyar ta lalace, wuri mafi nisa shi ke fara ji. Wannan ban buƙaci a yi mini bayani ba. A Kaura layin dogo ya ƙare, in wani abu ya samu layin a Zariya ko Funtuwa, mu ne farkon waɗanda jirgi ke daina iso wa. Likita ya ce yatsun ƙafa da na hannu su ne Kaurar jiki. Za su fara da tsikari, sannan su mutu. In an gano da wuri a rage allurar ko a cire ta, yawanci ji yana dawowa. In aka ci gaba, mutum na iya rasa riƙo, ya riƙa jan ƙafa har ƙarshen ransa. Ya ce shi ba ya iya ganin wannan a gwajin jini, sai abin da ta faɗa, kuma ta bakina za ta faɗa.

Nan ne wahalata ta fara. Kowane zuwa yana da tambayoyinsa, kuma ba irin waɗanda ɗa ke yi wa uwa ba ne, balle ɗan fari. Allurar tana taurara ciki, saboda haka tambayarsa ta farko kullum a kan bayan gida take. Zai dube ni ya ce in tambaye ta yaushe rabonta da zagayawa, kuma yaya yake fita. Sai in juya wajen taga in ce, "Wai... ya ƙarfin jiki?"

Adda ta ce wa bango, "Lahiya lau."

In juyo in ce masa ta ce komai daidai. Wata rana ya yi dariya ya ce shi dai Hausa ta burge shi, tambayar da ya yi da numfashi uku ni na gama ta da rabin guda. Na yi dariyar yaƙe, amma da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata. Ta yatsu ta fi sauƙin tambaya, ita nakan yi ta yadda ya faɗa. Amsar dai ba ta sakewa. A wurin Adda, mace ta ce wani wuri na yi mata ciwo abin kunya ne ko a gaban sa'arta. Ta haifi 'ya'yanta ba wanda ya ji muryarta. Ga shi kuma kumburin wuyan yana saɓewa a kan idon kowa, ta ga amfanin allurar, ba ta son a taɓa mata ita.

Damina ta yi nisa lokacin da muka sake sauka a Shinkafi, ƙanwata ta haihu, tana cikin jego. Ranar Alhamis ce, kasuwa na ci, tasha ta cika maƙil. Na sauko na ɗauki kayanmu, Adda ta wuce gaba, ni ina biye daga nesa yadda muka saba. Sai na ga takalminta na ƙafar hagu ya zame ya tsaya a cikin taɓo. Na jira ta tsaya ta juyo. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta taka tsakuwa, ta taka ɓawon rake, ta bi ta gefen mai gasa masara inda toka ke zube, ko ɗingishi ba ta yi ba. Na sunkuya na ɗauki takalmin. Ban san yadda zan yi da shi ba. In kira ta in ce ga takalminki, a tsakiyar tasha? Na cusa shi a jaka, na bi ta a haka har gida. Da muka isa na ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin kusa da ɗan'uwansa, na wuce zaure.

Da la'asar ƙanwata ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin ɗakinta ido ya yi ja.

Ta ce, "Yaya, mi niy yi ma Adda?"

Na ce me ya faru.

"Tun da kunka iso ta ƙi ɗaukar yaron ga. Na miƙa mata shi, tac ce in aje shi bisa katifa tana ganinai daga nan. Kai ka san Adda da jikoki. Ɗiyan ƙanenka har goyonsu takai. Nawa na ba ta so?"

Ta ce ko furar da ta dama mata, sai da Adda ta jira kowa ya fita sannan ta sha, kuma rabi a zane ya ƙare. Na ce ta yi haƙuri, gajiyar hanya ce. Ban gaya mata maganar takalmi ba, don na san za ta tafi kai tsaye ta tambaye ta, Adda kuma ta gane na gani. Na koma zaure na zauna. Ni ne na fi kowa a zuriyarmu sanin abin da ke faruwa a cikin yatsun nan, zan iya zana shi a allo da alli kala biyu, amma taku kaɗan da ke tsakanin zaure da ɗakinta ya gagare ni.

Washegari a Sakkwato ban jira likita ya fara tambaya ba. Na gaya masa na takalmi, na gaya masa na jinjiri, da Turanci, da sauri, kaina a ƙasa, ina jin kamar gulmarta nake yi a gabanta. Fuskarsa ta canza. Ya ce in tambaye ta. Na juya wajen taga na ce wai likita na tambaya, jiya a tasha ko takalmi ya fita ba a ji ba.

Adda ta ce, "Takalman ga sunka yi min yawa."

Ya sa ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannuwa a kan cinya, tafin yana kallon sama. Ya ce ta rufe ido, in ta ji an taɓa ta ta faɗa. Ya ɗauko auduga ya taɓa bakin yatsa. Ta ce, "Ina ji." Ya taɓa wani. "Ina ji." Ya ɗaga audugar sama bai taɓa komai ba, ya ɗan jira. Ta ce, "Ina ji." Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ƙwanƙwasa mata bayan dunduniya da 'yar gudumarsa ta roba, ƙafar ba ta motsa ba, amma ya ce wannan kusan duk mai shan allurar haka yake, ba ya nuna masa inda ɓarnar ta kai.

Ya jingina da tebur ya yi mini magana a fili. Allurar yau tana nan an riga an haɗa. Tana aiki, ciwon yana ja da baya, ba ya son ya cire ta a kan zato, don ciwon na iya samun sarari ya dawo. In kuma abin ya wuce yatsu ya hau hannu ya ƙara mata wata, yana iya zama shi ne ya nakasa ta. Ya ce, "Malam, mahaifiyarka ce. Ka samo mini gaskiya." Na ji haushinsa a lokacin, na ji haushinta, na fi jin haushin kaina. Yana ganin abu ne mai sauƙi. A garinsu wataƙila ɗa na zama a gefen gadon uwarsa su yi hira har da tafawa.

Ana cikin haka wata nas ta leƙo ta kira shi. Ya tafi bakin ƙofa, suka shiga magana da ƙarfi a kan wani maras lafiya. Adda tana nan yadda ya bar ta, ido a rufe, don ba a ce ta buɗe ba. Mu uku ne a ɗakin, kuma muryar likita tana can bakin ƙofa, kowa na jin ta. Duk hannun da ya taɓa ta a wannan lokacin, ta san ko na wane ne. Na kuma san abin da za ta yi in ta ji shi, ba sai ta ce komai ba.

Na matsa na durƙusa a gabanta. Na ɗora yatsuna a kan bakin yatsunta na dama. Sanyi gare su, fatar ta yi kaushi saboda shekarun tatsa da dakan gero. Ba ta motsa ba. Fuskarta na nan yadda take, tana jiran auduga. Likita ya waiwayo ya gan ni, na ɗaga masa ɗaya hannun, ya tsaya inda yake, ya ci gaba da amsa wa nas ɗin idonsa a kanmu. Na gangaro zuwa gindin yatsu. Shiru. Na shiga tsakiyar tafin. Shiru. Sai da babban yatsana ya kai wuyan hannunta, nan ta fizge kamar ta taɓa garwashi, ta buɗe ido.

Muka haɗa ido, abin da ban tuna ya taɓa faruwa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na kasa tashi, na kafa wa siminti ido. Likita ya ƙaraso, ya nuna wuyan hannunsa ya ce, "Nan?" Na gyaɗa kai. Ya ce ya isa.

Daga cikin mayafin muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa, wajen bango.

"A hwaɗa ma likita, tun hwarkon damana ba ni jin ƙasa. Carbi ma ba ni jin ɗiyanshi. Jinjirin kau tsoro nikai in kada shi."

Na fassara masa, wannan karon duka, ban rage ko kalma ba. Ya tambayi na bayan gida, na rufe ido na tambaya yadda ya faɗa, ta amsa. A ranar ya cire allurar daga cikin magungunan, aka yi mata sauran. A hanyar dawowa na zauna kusa da direba, ita a baya, yadda muka saba.

Hannuwan sun dawo a hankali, cikin watanni. Kafin a yaye yaron ƙanwata, Adda ta ɗauke shi, ta goya shi, har ta koma tatsa. Ƙafar hagu ba ta dawo duka ba, ta ci gaba da ɗan ja har shekarun da Allah ya ƙara mata suka ƙare. Mun koma yadda muke, ni da labule, ita da bango, ba wanda ya taɓa tayar da maganar ɗakin likita. Ban sake taɓa hannunta ba.

Likitan ya yaba mini daga baya, ya ce dabarar ta yi, kuma na bi gwajin a tsanake kamar wanda ya koya. Na karɓi yabon, kunya ta hana ni gyara masa. Tun daga yatsa na farko na san ba ta ji. Da gwaji kawai nake yi, da na wuce kai tsaye na nemi inda jin ya fara. Amma sai da na bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan kowanne, na daɗe a tsakiyar tafin, ina roƙon Allah a raina kada nas ɗin ta gama maganarta da wuri.